Yadda Kwamfuta Ta Koyi Ƙuli a Tsakar Gidana

Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun ina amarya a Batsari nake yi, kuma ba yabon kai ba, ranar kasuwa ba na dawowa gida da ko gutsure. Ban taɓa tsammanin wata rana za a zaunar da ni ana jero mani tambayoyi a kan ƙuli kamar wadda ta yi sata ba, sai da 'yar farina ta dawo daga jami'a a Katsina da kwamfuta a cikin jaka.

Kar ku jira in faɗi sunanta. 'Yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta yabe shi. Ana yaye ta Innata ta zo ta goya ta zuwa Safana, can ta tashi, daga can aka kai ta makarantar kwana. Innata take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mani, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ni kuma idan dole ta kama sai in ce "ta Safana". Haka muke, kuma ban taɓa ganin laifin haka ba, don ni ma 'yar fari ce, har yau Inna "mai ƙuli" take ce mani.

Bayan an gama cire gyaɗa ta zo. Da la'asar ta zauna kusa da babanta a tsakar gida tana ba shi labari, ta ɗaga murya yadda zan ji daga madafa, don da ma haka muke magana ni da ita. Wai ta haɗa wata manhaja a cikin kwamfuta, ita ce aikinta na kammala karatu. Manhajar tana tsara aiki da kanta: ka gaya mata inda kake, ka gaya mata inda kake son zuwa, ta jero maka abin da za ka fara yi da abin da zai biyo baya. To malamin da ke duba aikin ya ce duk gwajin da ta yi na wasa ne, wai jera 'yan akwatuna a kan juna. Sai ta gwada da sana'a ta gaske, kuma mai sana'ar ya shaida da bakinsa cewa abin ya yi. In ba haka ba, ba za ta kare aikin a gaban malamai a bana ba, sai ta sake shekara, ƙawayenta su tafi bautar ƙasa su bar ta.

Malam, wato baban nata, ya ce, "To ga noma. Duk abin da kike so ki tambaye ni."

Ta ce, "Baba, noma wata huɗu yake ci, ni kuwa sati uku gare ni. Aikin da ake farawa da safe a gama da yamma nake nema. Sana'ar Yaya nake so."

Na ce da tukunya, "A gaya wa mutane ni ba ni da lokacin wasa."

Washegari da hantsi kuwa sai ga ni a kan tabarma. Na ba ta gefe, ina ɓarar gyaɗa, ina yi wa faifai magana. Ita kuma ta ɗora kwamfutar a kan kifaffen turmi.

Ta ce, "Yaya, abu uku kawai take so. Na farko, me ke akwai yanzu. Na biyu, kowane aiki, me yake bukata kafin a yi shi, kuma me yake haifarwa bayan an yi. Na uku, me ake so a ƙarshe."

Na ce, "Me ake so kuwa in ba mai da ƙuli ba?"

Na karanto mata tiryan-tiryan. A ɓare gyaɗa, a soya a kasko, a murje ɓawon, a sheƙe. A kai inji a markaɗo. A zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. A matse, abin da ya rage shi ne tunkuza. A sa mata gishiri da yaji, a mulmula, a soya a cikin man nata. Na ce shi ke nan, a rufe kwamfuta in tashi. Ta danna, muka jira kamar ƙiftawar ido, sai ta fara karanto mani tsarin da manhajar ta fitar, tana danne dariya.

Babu hura wuta a ciki. Daga ɓara sai suya.

Na ce, "Kai! A kan me za a soya, a kan tafin hannuna?"

"Ba ki ce suya tana bukatar wuta ba."

"Wane mahaukaci ne bai san sai da wuta ake suya ba?"

"Ita ce mahaukaciyar, Yaya. Ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Amma abin da aka gaya mata, ba ta mantawa, ba ta kuma tsallakewa."

Aka sa wuta. Ta sake dannawa. Wannan karon manhajar ta aike ni inji, a daidai lokacin kuma ina tsugune gaban kasko ina juya kashi na biyu na gyaɗa. Ashe ba wanda ya gaya mata ni mutum ɗaya ce. Malam da ke gyaran keke a zaure ya ji, ya yi ta dariya har da tari, ya ce da ma ya daɗe yana zargin mu biyu ne. Aka gyara wannan, sai ta tura ni inji hannu rabbana, babu roba, babu kuɗin niƙa. Aka gyara, sai ta ce in mulmula ƙuli kafin in sa gishiri. Wallahi sai da na ji kamar in ɗauki muciya in kwaɗa mata.

Amma ba zan ɓoye ba, a kwana na uku na fara jin daɗin abin. Ni da nake ganin ƙuli aiki goma ne, sai ga shi mun haura arba'in. Duk abubuwan da hannuna yake yi ba tare da ya shawarci kaina ba, sai da na tono su ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake gane gyaɗa ta soyu, ka murza ɗaya tsakanin yatsu ɓawon ya zame. Yadda ake rage wuta kafin a jefa ƙuli, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye. Ina cikin wanka ma sai in tuna wani abu, in fito da sauri in ce da bango, "A rubuta cewa ba a kai gyaɗa inji da zafinta." Sai in ji ƙarar dannawa daga ɗaki.

Ranar da muka ga tsari ya cika, ta ce to saura gwaji. Ita za ta yi ƙulin da hannunta, tana bin takardar da manhajar ta fitar, ni kuma ba ruwana, kallo kawai. Yarinyar da Inna ta shagwaɓa, ko kunu ba a bari ta dama! Na auna mata gyaɗa kwano uku, zuciyata tana ciwo.

Na lura manhajar ta yi wata dabara. Tunda ga wuta tana ci ana suyar gyaɗa, sai ta ce a ɗora ruwa a tafasa tun lokacin, a ajiye, wai kar a hura wuta sau biyu. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna an ce kallo kawai, na rufe. Ta tafi inji, ta tarar da layi, ba ta dawo ba sai bayan azahar. Ta zuba a turmi, tana juyawa, tana yayyafa ruwa. Ta juya, ta juya, gumi har haɓa. Mai ya ce bai san zance ba. Ana cikin haka sai ga maƙwabciyata ta yi sallama, ta zo aron rariya.

Wannan maƙwabciya, shekara da shekaru ina riƙe da ita a raina. Na yi imani duk ranar da ta shigo ana matsa, mai ba ya fita. Tana juya baya na ce, "Ai ga dalili nan ya fita da rariya."

Ta Safana ta daina juyawa. Ta goge hannu, ta je ta rubuta wa manhajar abin da na faɗa, a matsayin doka: idan maƙwabciya ta shigo, mai ba ya fita. Sannan ta tambaye ni, kamar ba komai, ko matar ta taɓa zama ana matsa mai ya fito. Na ce ƙwarai, ranar sunan autana ita ta taya ni, kwalba shida muka cika. Ta rubuta wannan ma. Manhajar ta tsaya cak, ta ce maganganun nan biyu ba sa zama wuri ɗaya, sai an cire ɗaya. Kun ji fa, na'ura ta ƙaryata ni a tsakar gidana.

Aka cire maƙwabciya. Sai ta tambayi manhajar me ke sa mai ya fito, ita kuma ta jero: gyaɗa ta soyu, niƙa ya yi laushi, ruwa yana da zafi. Ta duba na farko, daidai. Ta duba na biyu, daidai. Ta tsoma yatsa a cikin ruwan, ta ɗago ta dube ni. Ruwa ya huce tun tuni, ko jariri za a yi wa wanka da shi.

Ta ce, "A wajenta, duk abin da ba a taɓa ba yana nan yadda aka bar shi. An tafasa ruwa, ba wanda ya yi mashi komai, to har gobe tafasasshe ne. Ba mu gaya mata ruwa yana hucewa da kansa ba."

Na fara tuna ranakun da mai ya ƙi mani. Kusan duk ranakun da maƙwabciyar ta shigo ne muka tsaya hira, buta tana gefe tana shan iska. Kunya ta kama ni. Da yamma na aika wa maƙwabciyar da ƙuli cikin kwano, har yau ba ta san na mene ne ba.

Bayan kwana biyu aka sake gwaji da sabon tsari. A ranar Inna ta zo daga Safana a kan acaba, wai ta zo ganin jikarta tana aikin wahala. Yarinyar nan ta bi takarda layi-layi. Da ta yayyafa ruwan zafi karo na uku, sai na ga fuskar markaɗen ta fara sheƙi, mai ya taso ya kwanta a kai. Ta matse, ta mulmula, ta soya. Ƙuli ya fito ja, yana ƙaras-ƙaras. Na ɗauki ɗaya na gutsura. Wallahi da za a haɗa shi da nawa a faranti ɗaya, ni kaina ba zan rarrabe ba. Daɗi ya cika mani ciki har na ji idona yana zafi. Na ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Nan take ta kira malaminta a waya don ya ji shaida. Mutumin kudu ne, can nesa, a Katsina ya koyi Hausa, yana yin ta tsaf amma a miƙe. Ta buɗe muryar wayar kowa yana ji, ta miƙo mani. Ga Inna a zaune, ga Malam a tsaye, ga maƙwabciya ta dawo da rariya. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki, mutum mai ladabi. Sannan ya ce, "Mama, aikin da 'yarki ta yi, ya yi kyau? Ya yi amfani?"

In yabi 'yar fari, a gaban uwata? Bakina ya riga ni. Na ce, "Wannan? Ai shirme ne kawai, Malam. Gyaɗa kwano uku ta ɓata mani. Yarinyar da ko wuta ba ta iya hurawa ba!"

Inna ta gyaɗa kai, alamar na yi abin da ya kamata. Maƙwabciya ta yi murmushi, don duk wanda ke tsakar gidan ya gane abin da nake nufi. Malamin ya ce, "To, na gode Mama," ya kashe. Ta Safana ta karɓi wayarta, ta kwashe kwamfuta ta shige ɗaki. Da safe ta hau mota ta koma Katsina.

Kwana uku bayan nan ta kira babanta. Malamin ya rubuta a takarda cewa mai sana'a ta ce abin bai yi ba, an cire sunanta daga cikin masu kare aiki a sati mai zuwa. Ta yi mashi bayanin al'ada, ya ce ya ji, kuma bai ce ƙarya take ba, amma shi abin da kunnensa ya ji zai rubuta, ba abin da ke cikin zuciyar mutum ba.

Na tashi da faɗa. Na ce wane irin malami ne wannan, duk karatunsa bai san kunya ba? Ko yaron goye a garin nan ya san idan uwa ta ce shirme, to abin ya kai. Malam ya bari na gama, ya ce, "Sati guda kika yi kina zagin kwamfuta don ba ta san abin da ba a gaya mata ba, kuma a ƙarshe ke kika zauna kika gaya mata. Shi ma haka za ki yi." Ya ɗauki hularsa, ya kai bakin zaure, ya juyo. "Ita kanta yarinyar, kin tabbata ta sani?"

Wannan tambayar ta hana ni sakat. Na ɗauka ta sani, yadda na ɗauka kowa ya san ruwa yana hucewa. To wa ya gaya mata? Ni dai ban taɓa ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske, ba na shekarar da za ta sake kaɗai ba.

Na hau acaba na tafi Safana wajen Inna, ina sa ran ta ce mutumin ne da laifi. Na same ta tana tsince wake. Na zayyana mata komai, ban ɓoye ba. Ba ta dube ni ba, da ma ba ta saba ba. Ta daɗe tana tsintar wakenta, sannan ta ce da faifai, "A gaya wa mai ƙuli ta shiga mota."

Washegari na yi sammako na shiga bas ɗin Katsina, da kwalbar mai ɗaya da ƙullin ƙuli, duk na hannun yarinyar. Ta tarbe ni a ƙofar makaranta, idanunta sun kumbura. Muka gaisa kamar baƙi, ta wuce gaba ina bin ta, muka hau bene har gwiwata ta fara ƙara. A ofis muka tarar da malamin da wasu malamai biyu, ɗaya dattijo ne Bakatsine. Da dattijon ya ji 'yar fari ce, sai ya kama baki yana dariya, ya ce da abokin aikinsa ai shirmen nan lambar yabo ce. Malamin ya ce ya yarda, amma yana so ya ji daga gare ni.

Na ajiye kwalba da ƙuli a kan tebur. Na ce su ci tukuna. Suka ci, har malamin ya ƙara na biyu. Na ce, "Wannan ba ni na yi ba. Wadda ba ta taɓa yin ƙuli ba ce ta yi, da takardar da na'urarta ta rubuta. Ranar farko ta ɓata, laifina ne, ban faɗi cewa ruwa yana hucewa ba. Da aka faɗa, ba ta sake kuskure ba. Har ƙaryata ta kama, ta wanke mani maƙwabciya."

Ya ce, "To Mama, aikin ya yi?"

 Na ji kamar an tuɓe mani mayafi a tsakiyar kasuwa. Yarinyar tana tsaye gefena, kanta a ƙasa. Na ce, "Ya yi. Ya yi ƙwarai da gaske. Yarinyar nan tana da kai, tana da haƙuri, ta fi ni. 'Yata ce, ni na haife ta, kuma ina alfahari da ita." Ya ɗauki biro, ya ce don cika takarda in faɗi sunan ɗalibar da nake yi wa shaida. Dattijon ya buɗe baki zai faɗa a madadina, na ɗaga mashi hannu. Na faɗa da kaina, cikakke, har da na babanta.

Aka mayar da ita cikin masu kare aiki. Sati na zagayowa ta kare, ta ci, aka ce har sun tambaye ta ko manhajar za ta iya koyon daddawa.

Amma ni abin da na fi tunawa shi ne tasha, ranar da na je Katsina, da zan dawo gida. Ta rako ni, ta samo mani kujerar gefen taga, ta tsaya a waje tana wasa da bakin hijabinta. Mota ta cika. Sai da direba ya tayar da inji ta matso, tana dariya hawaye na zuba, ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana."

Na juya ina gyara jaka a kan cinyata, don akwai mutane. Na ce da jakar, "A gaya wa mutane ni na roƙi babansu ya sa masu shi."